Tabon Karta a Fuskar Dogo

Ranar da 'yan kwamiti suka zo duba akwatunanmu na gem, ba na jin zan manta da ita har in koma ga Mahaliccina. Ku da kuke riƙe da gidajen gem yanzu, da talabijin ɗinku marasa kauri kamar faifai a jikin bango, ku matso ku ji yadda aikin yake a lokacin da akwati ɗaya sai ƙarti sun taru kafin ya ɗagu.

A shekarar da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato, ɗan wana Lawali ya buɗe shago a Kaura Namoda, can wajen tashar jirgin ƙasa. Ya sayo akwatuna uku da suka taso daga Kwatano, suka ratsa Maraɗi, suka shigo ta Shinkafi a bayan motar shanu. Kowanne na katako ne, ya kai tsayin namiji, da fuskar gilashi a sama, da sanda irin giyar mota da maɓallai a ƙasa. Yaro zai jefa ƙarfe a wani ɗan rami, akwati ya yi kuka, a fara wasa. Ɗaya na dambe ne, ɗaya na ƙwallo, na ukun na jiragen sama masu harbin juna. Shi wannan na ukun yara suka sa wa suna Dogo, kuma shi ne ya kusa raba ni da abincina.

Ni a lokacin mijina ya rasu, ga jikoki marayu a gabana. Lawali ya ce in zo in zauna a bakin ƙofa, don iyaye sun fi sakin 'ya'yansu idan sun ga tsohuwa a wuri. Muƙamai a shagon uku ne. Lawali shi ne Manaja, haka ya sa aka rubuta a ƙofa. Akwai Injiniya, wanda za ku ji labarinsa. Sai ni, Gwaggo, muƙamin da ba a ƙara masa girma, ba a rage masa. Aikina shara, da goge akwatuna, da ba yara ƙarfen wasa, da kora su masallaci idan an kira salla, da kashe komai kafin a tayar da janareta idan an ɗauke wuta.

Injiniyan namu sunansa Mande, mai gyaran rediyo da talabijin a Shinkafi. Ya taɓa zama a Maraɗi wajen wani mai gyara, ya dawo da tabarau da 'yan kalmomin Faransanci da yake yayyafa wa magana kamar yaji. Shi ya koya mini cewa akwatin ba halitta ɗaya ba ce. Akwai fanel, wani allo kore mai ƙananan ƙarafa, nan wasan yake, shi ne ƙwaƙwalwa. Akwai kwalba, ita ce fuskar da ake kallo, abin da fanel ya gaya mata shi take nunawa. Ƙanwar kwalbar talabijin ce, sai dai ita tsirara take a cikin akwati, ba ta da riga, ba ta da kunnen kamo tasha. Ya kafa mini dokoki. Kada tsumma mai ruwa ya je bayanta. Kada a jingina mata rediyo ko lasifika, kalarta za ta ɓaci. Kada a ja akwati tana kunne. Kada a ƙure mata haske. Hannuna kuwa kada ya kuskura ya shiga ciki, ko da an zare waya daga bango.

Ana nan, ana nan, wata damina fuskar Dogo ta yi duhu ta mutu. Mande ya zo da wata kwalbar a naɗe cikin bargo, ya ce sabuwa ce dal, ya ɗaura. Da ya gama sai ya kafa wani baƙin gilashi a gabanta, ya ce maganin ciwon idon yara ne, haka Turawa suke yi, kada a taɓa cirewa. Muka ce to. Wa zai ja da mai tabarau?

Kwanci tashi, aka ƙaddamar da shari'a. Aka rufe gidajen giya, aka rufe gidajen kallon bidiyo, 'yan caca suka watse daga gindin itatuwa. Mu talakawa muka yi murna, don an daɗe ana cin amanarmu. Amma wasu murnarsu ta fi ta kowa ƙara, kuma Lawali na cikinsu. Cikin mako guda wandonsa ya ɗage, ya fara kiwon gemu, gashi ɗaya nan ɗaya can kamar shukar da fari ya kama. Ya sa aka goge Manaja daga ƙofa. Idan na gaishe shi da Hausa, da Larabci yake amsawa, Larabcin da ko limaminmu sai ya ce a maimaita.

A unguwarmu an kafa kwamiti, dattawa da wasu samari masu zafin nama. Aikinsu su zaga shaguna su ga ko ana nuna fim, ko ana sayar da abin maye, ko ana caca. Idan sun samu, su sa kwaɗo a ƙofa, maganar ta tafi gaban alƙali. Wata rana aka aiko mana cewa gobe bayan la'asar layinmu ne.

Lawali ya shigo yana haki. "Gwaggo, gobe suna tahe. A wanke komi. A cire wanga baƙin gilashi, kada su ce muna ɓoye wani abu. Kuma a kashe akwatunan, ba ladabi ba na malamai su shigo su iske jirgi na harbi."

Na ce, "Lawali, Mande hwa ya ce kada a cire."

"Gwaggo, wagga magana ta ilimi ta. Ke dai ɗauko tsumma."

Na ɗauko tsumma. Da safe aka cire gilashi, na hau goge fuskar Dogo. Sai na ga wasu inuwoyi a jikinta, launin ƙasa-ƙasa, a jere. Na goga, na goga, har kafaɗata ta yi tsami, ba su fita ba. Na nuna wa mai ilimi. Ya leƙa ya ce ado ne na kamfani.

La'asar ta yi, suka iso. Shugabansu Malam Sahabi, dattijo ne mutumin Gurbin Bore, a bayan shanu ya tashi kafin karatu ya kawo shi Kaura. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. A bayansa akwai Ɗanjumma, ɗan kamasho a tashar mota, wanda kafin shari'a duk Kaura ta san a gindin wace bishiya yake wuni da abin da ake rabawa a wurin. Yanzu shi ne mai rawani mafi girma a kwamitin.

Lawali ya wangale ƙofa gaba ɗaya don haske ya shiga, ya shimfiɗa tabarma, ya fara jawabi. Ya ce nan ba a nuna fim, ba a caca, yara na salla a kan lokaci. Ba wanda ya tambaye shi, sai ya ƙara da cewa, "Ni Malam, ko talabijin ɗin gidana na hidda ta tun ranar da anka ƙaddamar."

Malam Sahabi ya ce, "Madalla." Ya dubi na dambe, ya dubi na ƙwallo, ya zo kan Dogo.

To, rana ta karkata, ta shigo ta ƙofar da Lawali ya wangale, ta sauka a kan fuskar da Lawali ya tuɓe, a jikin akwatin da Lawali ya kashe. Inuwoyin nan suka fito raɗau. Gidaje biyar a tsaye, a jere, da wani rubutu a ƙarƙashinsu.

Ɗanjumma ya daka tsalle. "La'ilaha illallahu! Karta ta! Karta biyar jere! Nan aka zuba kuɗi, nan kaka riƙe wadda kaka so, nan kaka canza sauran, in sun zo iri ɗaya ka kwashe!"

Malam Sahabi ya juyo ya dube shi. Sannan ya ce, "Allah shi ƙara ilimi, Ɗanjumma. Mu dai gidaje biyar munka gani."

Lawali ya shiga rantsuwa, ya rantse da abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya ce a kunna a gani. Na kunna. Jirage suka fito suna harbi, karta ta ɓace. Malam ya ce a kashe. Na kashe, karta ta dawo. Aka kunna, ta tafi. Aka kashe, ta dawo. Ɗanjumma ya ce wannan ai ya fi muni, akwati ne munafiki, jirgi a gaban mutane, caca a bayan ido.

Malam Sahabi ya ce, "Ba mu yanke hukunci bisa abin da ba mu sani ba. A ruhe shagon. A nemo wanda ya san cikin abin, shi buɗe gabanmu. In caca ta, sai gaban alƙali. In ba ita ba ta, ku ci gaba da nemanku." Aka sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

Na koma gida na zauna. Ku da ba ku taɓa zama kuna kallon tukunya tana kallonku ba, ba za ku gane ba. Shagon nan shi ne geron gidana, shi ne sabulu, shi ne maganin zazzaɓin jikokina. Idan aka ce caca ce, Lawali zai sha kunya, wataƙila da bulala, amma yana da gona a hanyar Zurmi, zai tashi. Ni babu inda zan tashi in je. Wa zai ɗauki tsohuwar da aka ce ta yi shekaru tana tsaron gidan caca?

Lawali ya bi motar Shinkafi, ya dawo da Mande. Mande ya iso da jakar kayan aiki da tabarau, yana tafe kamar likitan da aka kira daga Gusau. Kwamiti ya taru, 'yan kallo suka cika ƙofa. Aka juya Dogo, aka kwance bayansa.

Ranar na fara ganin cikin abin da na yi shekaru ina goge wa fuska. Ƙura ce da yanar gizo. Ga kwalba kwance kamar tulu, ciki babba, wuya siriri. An naɗe wuyan da jan ƙarfe kamar warwaron amarya. Ga wata jar waya mai kauri, ƙarshenta roba ce manne a jikin kwalbar kamar ƙahon wanzami a bayan mai ciwo.

Mande ya gyara murya. Ya ce kwalba kamar mutum take, ana gane danginta. Ya auna fuskarta da taƙi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya nuna ƙafafun da ke ƙarshen wuyanta, ya ce yawansu da zamansu shi ke nuna wace da wace za su iya canjin wuri. Ya hura ƙura daga wata takarda da ke manne a bayanta, ya karanta lambobi, ya karanta na jikin ƙarfen da ke riƙe da ita, ya ce ba uwarsu ɗaya ba, wannan kwalba baƙuwa ce a akwatin. Ya zaro fanel ya ɗaga sama, ya ce duk abin da ke cikin wannan jirgi ne, ko za a kwana ana danna maɓalli karta ba za ta fito ba.

Lawali ya ga magana ta fara yin daɗi, kuma ba da bakinsa ba. Ya kutsa. "Malam ka gani, babu komi ciki! Ko nan ƙarƙashin wagga roba ku duba..." Ya cusa yatsa.

Tas! Sai muka ga Ustazu Lawali a ƙasa, hula a gefe. Duk Larabcin nan ya gudu, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wayyo Inna!" Innar da ta rasu tun yana goye.

Mande bai ko yi sauri ba. Ya ce kwalba takan riƙe wuta a cikinta ko an kwana biyu da zare ta. Ya ɗaura waya a jikin sukudireba, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen akwati, ya sa hannu ɗaya a aljihu, ya zura sukudireban a hankali ƙarƙashin robar. Muka ji ɗan ƙas. Ya ce, "Da ta hi haka ƙara, Manaja ya riga ya shanye rabi."

Malam Sahabi ya ce, "To kartar hwa?"

Mande ya ce a cikin fuskar kwalba akwai wani gari da aka shafa, shi ke yin haske. Idan hoto ɗaya ya yi shekaru yana tsaye wuri ɗaya, sai ya ƙona garin, tabon ya zauna har abada. Idan an kunna, haske ya rufe shi. Idan an kashe, ya fito. Wannan kwalba ta yi ƙuruciyarta a injin caca, tabon can ne.

Malam ya gyaɗa kai. "Kamar lalas ga saniya ke nan. Ka saye ta, amma shaidar mai ita na hwarko tana jikinta."

"Haka na, Malam."

Ɗanjumma bai yarda ba. Ya ce, "Kai ina ka sani? Takarda ta gaya maka inda ta yi ƙuruciya? Ƙila ma wagga magana yanzu ka ƙirƙire ta."

To, a duniya akwai abin da Mande ba ya iya haɗiyewa, shi ne a ce bai sani ba. Ya cire tabarau. "Ni zaka hwaɗa ma haka? Ni da hannuna na kwance ta daga injin caca a Maraɗi! Bisa cinyata ta zo har Shinkafi! Wa kaka tsammani ya sa baƙin gilashi don kada tabon shi hito?"

 

Lawali yana zaune a ƙasa yana busa yatsa, ya ɗago. "Mande. Ba kai ka ce min sabuwa ta dal ba?"

Mande ya mayar da tabarau. "A Kaura ai sabuwa ta."

Malam Sahabi ya sa gefen rawani ya rufe baki, ya yi kamar tari ne ya kama shi. Da ya lafa ya ce ya gamsu ba a caca a shagon. Amma ba zai bar yara su tashi suna kallon karta ba, ko da tabonta ne, kuma ba zai yarda a mayar da baƙin gilashi a rufe ba, tunda yanzu kowa ya san abin da ke bayansa. A canza kwalba, ya ba da makulli. Wanda ya kawo ta kuwa shi zai yi aikin, ladansa na wajen Allah.

Ni a nan na ga ba ta ƙare ba, don irin wannan kwalba sai Maraɗi ko Kano, kuma kafin a samo, tukunyata ta yi tsatsa. Na ce, "Mande, don girman Allah, babu wata dabara nan kusa?"

Ya ce akwai. Kwalbar talabijin tana shiga, in dai girmansu ɗaya, wuyansu ɗaya. Kuma da yake yana neman wanda zai taya shi ɗaukar kunya, sai ya waiwaya ya ce, "Irin taka, Manaja, wadda na gyara maka watan jiya, ta ƙuryar ɗaki. Kamar tagwaye suke da wagga."

Malam Sahabi ya ce, "Lawali, ba ka ce ka hidda ta ba?"

Lawali ya dubi ƙasa, ya dubi rufi. "Na hidda ta daga zaure, Malam."

"Wa ya ce maka an hana talabijin? Ga tawa can gida, da ita nika ganin tafsiri da labaru. Je ka ɗauko."

A baro aka turo ta, an lulluɓe ta da zane kamar mara lafiya, eriyarta na leƙowa, duk layi na yi mata sannu da zuwa. Mande ya fasa rigarta, ya sauke wutar cikinta da sukudireba, ya zare kwalbar. Ya cire jan ƙarfen wuyan tsohuwar ya sa wa sabuwar, don shi ne ya saba da akwatin. Kunnawar farko jirage suka fito ƙafa a sama, ya sauya wayoyi biyu suka miƙe. Sai kala ta ɓaci, sama ta koma shuɗi da ja kamar an zubar da baba. Ya ɗauko wani zoben waya mai faɗin faranti, ya sa a wuta, ya dinga zagaya fuskar da shi yana ja da baya a hankali kamar mai yi wa mara lafiya tofi, kala ta dawo daidai. Ya murɗa wasu 'yan maɓallai a baya har hoto ya cika fuska, ya rage haske. Aka kashe, Malam Sahabi ya duba da kyau a hasken rana, fuska fes. Ya miƙo makulli, kuma ni ya miƙa wa.

Tsohuwar kwalbar, Ɗanjumma ya so a kai ta bakin kasuwa a farfasa da taɓarya kowa ya gani. Mande ya ce duk wanda ya doki cikinta, gilashi zai tashi ya tsiyaye masa ido, don babu iska a ciki. Ya rufa mata buhu, ya ɗan ƙwanƙwasa tsinin wuyanta. Jama'a sun toshe kunne suna jiran ƙara. Ita kuwa ta yi wani dogon numfashi, fuuu, kamar tsohuwar da ta sauke itace, shi ke nan. Ɗanjumma ya yi kabbara shi kaɗai.

Kafin magariba yara sun dawo, na koma kujerata.

Abin da na ɗauka daga wannan rana, ga shi, ku riƙe. Idan za ku sayi tsohon akwati, kada ku bari mai shi ya kunna muku tukuna. A kunne duk kwalba kyakkyawa ce. Ku ce a kashe, a cire duk abin da aka sa a gabanta, a fito da ita rana, sannan ku duba abin da ta daɗe tana kallo. Kada ku sa hannu a bayanta don kun ga waya a ƙasa. Mai gyara kuwa, idan ya ce kada a taɓa wani abu, ku bi, amma ku tambaye shi dalili sau biyu, na biyun a gaban mutane, don masu wannan sana'a sun fi tsoron a ce ba su sani ba a kan a ce sun yi ha'inci. Masu shago kuma su rage gyaran da ba a tambaye su ba. Da Lawali ya bar shagonsa yadda yake kullum, da malamai sun sha ruwa sun yi addu'a sun wuce.

Shi dai bai sake sayen talabijin ba sai bayan shekaru. Kowace yamma gidan maƙwabcinsa yake zuwa ya zauna gaban tasu, ya fi kowa matsawa kusa. In an tambaye shi, sai ya ce yana duba irin ɓarnar da ake nuna wa jama'a ne.